Rasuwar Tonina, Gangar Niƙan Wenzu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da har yanzu ba su daina ƙugi ba, Wenzu Zahra na bayan coci yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da 'yan ƙungiyar wasan wuta ta ƙasan gari waɗanda mun san dariya suke yi, rasuwar abar ƙaunarsa Tonina, gangar niƙan albarushi. Ta rasu ranar Talata da hantsi a gonarsa bayan gajeruwar rashin lafiya. Gajeruwa ƙwarai kuwa, don ko ƙiftawar ido ba ta kai ba.

An haifi marigayiya a garejin Wenzu, a gidan mutunci. Zuciyarta daga injin wankin matarsa Grezzja aka ciro ta, injin da Grezzja take rantsuwa har gobe cewa lafiyarsa ƙalau ranar da aka kwance shi. Gangar jikinta bututun roba ne mai kauri, cikinta kuwa ƙwallayen darma ne da Wenzu ya zuba da hannunsa, domin darma ba ta tartsatsi. Duk wanda ya taɓa jin muryarta ba zai manta ba. Gurum, gurum, gurum, a natse, kamar tsohuwa tana mita a ɗaki. Ba ta taɓa gajiya ba, ba ta taɓa tona asirin garinmu ga 'yan ƙasan gari ba, kuma duk jan furen wutar da ya buɗe a sama daren bikin waliyyin ƙauyenmu, da guminta a ciki.

Wenzu ya riƙe ta riƙon amana. Ya haƙa mata rami a can ƙarshen gona bayan katangar dutse, ya kewaye ta da buhunan yashi. Ba ya zuwa wurinta da taba, ko wayar hannu, ko makulli a aljihu, kuma rigar auduga kaɗai yake sawa. Sannan ya ja mata wayar lantarki doguwa, doguwar gaske, har gindin ɓauren bakin hanya. Daga nan yake kunna ta, daga nan yake kashe ta, kuma ba ya kusantarta tana juyawa.

To, wayar nan ita ta zame masa abin kunya. Kun dai san halinmu a nan Malta, ɗan wasan wuta da yatsun da ya rasa ake auna shi. Shugaban ƙungiyarmu, tsoho Indri, wanda yake riƙe kofin shayi da abin da ya rage masa na hannun dama, ba ya barin Wenzu ya ci gurasarsa da man zaitun cikin kwanciyar hankali.

"Wenzu, ka ƙara waya mana, ka riƙa kunna ta daga tsibirin Sisili, can ƙetaren teku! Ku dube shi don Allah, yatsu goma cif kamar tela, wai shi ma ɗan wuta!"

Wenzu yakan yi murmushi, amma abin yana cin ransa ƙwarai. Har ya kai ya gaya wa matarsa zai rage wayar, ko a daina yi masa kallon matsoraci. Grezzja, wadda duk ranar niƙa take hawa rufin gida ta zauna tana fuskantar gona ba ta iya cin komai, ta ce masa, "Ka rage taku ɗaya daga wayar nan, ka nemi mai dafa maka zomo. Ni miji nake so, ba hoto a bangon ƙungiya ba."

Ciwon ajalin marigayiya daga teku ya zo. Kelinu, ƙanin Grezzja, masunci ne, tarunsa kuma ya rasa darmar nutsewa. Ya shiga gona ba kowa, ya buɗe Tonina, ya kwashe ƙwallayenta. Amma Kelinu yaron kirki ne, ba ya cin amanar suruki. Sai ya je wurin mai gyaran jiragen ruwa ya samo ƙwallayen ƙarfe masu sheƙi, ya zuba mata a madadinsu, ya jujjuya ta da hannu ya ji daɗin ƙarar, ya rufe. Bai faɗa wa kowa ba, wai so yake ya ba mijin yayarsa mamaki. Ya kuwa ba shi.

Ranar Talata Indri ya zo da mutanensa kallon niƙa, suna ta tsiya. Wenzu, da a kullum sai ya leƙa cikin gangar, ran nan hankalinsa yana kan bakinsu. Ya zuba kaya a kan baƙar ƙurar da ta rufe ƙwallayen, ya rufe, ya kora kowa zuwa gindin ɓaure, Indri yana tafe yana tsaki. Ya kunna.

Ƙal, ƙal, ƙal, ƙal.

"Muryarta ta canja," in ji Wenzu.

"To je ka duba ta mana, in kai namiji ne," in ji Indri. "Ko sai an kira maka Grezzja ta raka ka?"

Aka fashe da dariya. Wenzu ya miƙe. Wallahi ya miƙe, har ya ɗaga ƙafa ya nufi gona, kunnuwansa sun yi ja. Sai ya tsaya, ya juyo ya sunkuya zai zare wayar tukuna. Hannunsa bai kai ba Tonina ta yi maganarta ta ƙarshe. DUMM!

Buhunan yashi suka tashi sama kamar tattabaru. Ɓaure ya zubar da 'ya'yansa, nunannu da ɗanyu. Da hayaƙi ya lafa, an samu Indri rungume da gindin bishiyar yana tambaya a hankali ko wayar nan tana da ƙari. Kelinu ya iso yana haki yana cewa, "Mijin Yaya, ai masu kyau na sa mata! Masu sheƙi!" Grezzja kuwa ba takalmi ta zo, ta ratsa ta cikin maza ba ta kalli kowa ba. Ta kama hannuwan mijinta ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta sake bi, ta wanka masa mari, sannan ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Marigayiya ta rasu ta bar rami mai faɗin ɗaki, da murfinta wanda aka tsinta a gonar inabin maƙwabci, da ƙwallaye da dama da ake ci gaba da ganowa a katangu. Ta bar Kelinu, wanda aka roƙa ya daina yi wa kowa alheri sai ya yi shawara. Ta bar wayarta lafiya lau, ba a rage mata ko taku ba. Ta kuma bar mai ita, Wenzu, yana kuka da idanu biyu yana share su da yatsu goma.

Za a yi jana'izar abin da aka samu ranar Asabar bayan an fito coci, a ramin da marigayiya ta haƙa wa kanta don kada ta wahalar da kowa. Masu rakiya su bar taba da ashana a gida. Indri ya nemi a bar shi ya tsaya daga bakin hanya, an kuma amince masa. 'Yan ƙasan gari in za su zo, su zo da fuskar mutunci. Za a ci zomo a gidan Wenzu bayan an dawo.

Ana roƙon jama'a kada su yi mamakin ganin Grezzja cikin baƙar rigar makoki, ita da ba ta taɓa son marigayiya ba. Ta ce tun shekarar da aka haifi Tonina ta ɗinka rigar ta ɓoye a ƙasan akwati, kuma ba don Tonina ta ɗinka ta ba. Za ta sa ta sau ɗaya ran Asabar, in an gama ta cire, a binne su tare.