Rawar Igiya a Rijiyar Lausu

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da ƙarti huɗu suka ciro ni daga rijiya a Lausu ba, alhali lafiyata ƙalau.

Haƙar rijiya da yasarta ce sana'ata. Ban yi boko ba, diga na iya. Sau biyu ƙasa tana rufto mini. Na taɓa yin rabin wuni da kububuwa a rami ɗaya. Daga Rano har Kibiya, in aka ce mutumin nan da ba ya tsoro, ni ake nufi. Da wannan sunan nake ci, don ba mai ba matsoraci rijiyarsa.

Sai masu burtsatse suka shigo da motocinsu, aiki ya ja baya. Ƙanwata Talatu, mai sayar da atamfa ta waya, ta ce, "Yaya, kasuwa ta koma cikin waya. Ɗauki kanka a bidiyo ka faɗi aikinka, in ɗora maka a shafina."

Ta miƙo wayar, ta nuna mini jan ɗigon da ake dannawa. Na ɗaga. Wani tsoho mai tabo a goshi ya zuro mini ido. Ashe ni ne. Ƙasa in za ta rufta, sai ta fara zubo da tsakuwa, ka san abin da ake ciki. Wannan abu ba ya gargaɗi. Mutanen da ban taɓa gani ba suna can ciki sun yi shiru, suna jira in yi kuskure.

"Saki jikinka mana, Yaya! Ka ƙame kamar mai hoton katin zaɓe."

Sau tara muna gwadawa. Inda na fi nisa shi ne "Sunana", daga nan na manta me ke biye.

Sabo, wanda ya yi shekara ashirin yana riƙe mini igiya, yana gefe yana cin goro. Ya ce, "Ai wannan a ƙarƙashin ƙasa bakinsa yake. Yana shiga rami har waƙa yake yi, da murya kamar ta jaki mai mura." Talatu ta tafa hannu. Ta ce to a can zan ɗauka.

A aikinmu murya ba ta fitowa sosai daga zurfi, igiya ce ke magana. Tana ɗaure a ƙuguna. In na ja sau ɗaya, a ƙara sakowa. Sau biyu, a ja guga. In kuwa ta kama rawa ba tsayawa, ba a tambaya. Mutum na mutuwa ke nan, a fizgo shi.

Ranar nan, yasa muka je yi a Lausu, gidan wani Malam Iro. Rijiya ce gaba goma sha biyu, ita unguwar duka ke sha. Na zura fitila, ba ta mutu ba, iska lafiya lau. Na sa wayar a aljihu na sauka. Sanyi, duhu, warin laka. Na ji kamar na shiga ɗakina. Na ce yau dai zan ba Talatu mamaki.

Na danna jan ɗigon.

Hasken wayar ya haska fuskata daga ƙasa. Wallahi ko gawar da na taɓa cirowa a wata tsohuwar rijiya ta fi ni kyan gani. Na ce, "Salamu alaikum, jama'a." Rijiya ta maido mini da sallamata. Sai na tuna jama'ar nan fa da gaske suke, har da surukaina, har da matasan tasha masu dariyar ƙeta. Gwiwoyina suka fara kaɗuwa. Zufa ta keto mini a cikin wannan sanyin. Don kar in zube a laka, na kama abin da ke kusa. (Kun dai san me na kama.) Igiya ta kama rawa tare da ni.

Ban ankara ba na ji ƙafata ta bar ƙasa. Sabo na ihu a sama, "Jama'a ku kawo ɗauki! Iska ta buge shi!" Na taho ina gwara kai da bango, hagu da dama, kamar guga a hannun mai fushi. Suka shimfiɗe ni a tsakar gida. Wani ya sheƙa mini bokitin ruwa. Sabo ya hau ƙirjina yana dannawa, yana kuka, yana zagina. Tsohuwar Malam Iro ta ɗura mini nono har ta hanci. Wani dattijo ya sunkuyo kunnena yana laƙƙana mini kalmar shahada.

Na runtse ido na yi lamo. Na ce suma ya fi bayani sauƙi.

Sai na ji tsohuwar ta ce, "Na sha gaya muku rijiyar nan da masu ita! In wannan bawan Allah da ba ya tsoron komai ya fito haka, wa zai sake shan ruwanta?"

Malam Iro ya ce, "Shi ke nan, Inna. Yau za a cike ta."

In na yi shiru, na tsira da sunana, matan unguwa su koma tafiyar rafi da tulu. (Ba zan ɓoye muku ba, sai da na yi shirun na ɗan lokaci.) Da na ji an aika a kawo shebur, na tashi zaune, nono na zuba daga gemuna.

Na ce, "Ku bar rijiya. Ba abin da ke ciki."

Sabo ya ce, "To me ka gani? Maciji?"

"Waya."

"Wayar wuta?"

Na ɗaga hannu. Tana nan a damƙe, jan ɗigon na ta ƙiftawa. Ta ɗauki komai. Na ce, "Wannan. Tsoronta na ji."

Tsohuwar ce ta fara dariya, har ta zauna a ƙasa. Sabo ya share hawaye ya ce, "Allah ya isa kukana."

Talatu ko shawara ba ta yi da ni ba, ta ɗora bidiyon a shafinta yadda yake. Wai wannan ne karo na farko da na yi magana kamar mutum. Tsohon sunan nawa ya tafi, yanzu Mai Rawar Igiya ake ce mini. Aiki kuma ya dawo, har daga Saji da Rurum ake kirana. Wasu sun ce wanda ya zaɓi kunya a kan a cike wa mutane rijiya ba zai cuce su ba. Sauran na san dariya kawai suke son yi. Duk ina zuwa.

Abin da na koya bai da yawa. Kowa da abin da ke kaɗa masa gwiwa. In naka ya zo, ka ji tsoronka son ranka, amma ka fara duba abin da ka riƙe.