Ɗigo na Bakwai

Ku yi mini afuwa, farkon labarin nan ya zube mini a hanya. Ban tuna shekarar ba, ban kuma tuna ko a bakin Nomau mai shayi na ji shi ko a bakin ƙanensa ba. Sunan mutumin ma ya tafi, kuma da zai ji haka da ya fi kowa ɓacin rai. Abin da ya rage dai ga shi.

Wani ne a nan Agadas, mai zanen allunan butik, irin na ƙofar shago. Hannunsa da kyau, ba laifi. In ya zana maka kaza a ƙofar gidan abinci, sai ka ji yunwa ko da yanzu ka tashi daga kan akushi. Abu ɗaya ke cin ransa, ranar garin nan. Duk allon da ya zana, shekara biyu rana ta lashe shi, kazar ta koma inuwar kaza. Kullum yana ce wa matarsa Biba, "Ni haka zan mutu, ba abin da za a nuna a ce nawa ne."

Wata rana sai ga wata malama daga Yamai, Madam Kadidia, mai binciken ƙwari. Ta kawo masa hoton wani ƙwaro, tana so ya zana shi babba a allo don 'yan lakwal, yaran makarantar boko.

Ya duba hoton, ya ce, "Madam, ai buzuzu ne wannan."

Ta ce, "A'a, Malam. Buzuzu gajere ne, kashi yake turawa. Wannan mafarauci ne. Dubi ƙafafunsa dogaye, na gudu. Dubi bakinsa kamar awartaki. Baƙi ne wul, tsawonsa ya kai babban yatsanka. Ba ya tashi sama, murfin bayansa a manne yake. Ga kuma fararen ɗigo. Sunansa na boko ma, ma'anarsa mai ɗigo shida."

Ya ce, "Wa ya raɗa masa?"

"Wanda ya fara rubuta kamanninsa. In an samu wani iri sabo da ba ya cikin littafi, sau da yawa sunan wanda ya kamo shi ake sa masa."

"Har yaushe?"

"Har abada. Ba a gogewa."

"Rana ba ta cinye shi?"

Ta yi dariya. "Cikin littafi fa yake, Malam. Amma in ka gamu da shi, kar ka yarda ya juya maka baya, don..."

Ina! Bai ji sauran ba. Shi tuni yana hango wani farfesa mai gemu a Faransa yana fama da kiran sunansa, harshe na sarƙewa.

Washegari da sassafe ya nufi korin Telwa, busasshen rafin nan na bayan gari, da tsohon gwangwanin tumatir. Ya ɗaga dutse, kunama. Ya ɗaga wani, matar kunamar. A na goma sha wani abu sai ga gogan ya fito a guje. Ya bi shi. Ƙwaro ya yi gabas, ya yi gabas. Ƙwaro ya shige ƙarƙashin raƙumin wani Buzu, shi ma ya shige. Buzun ya leƙo daga sama ya ce, "Lafiya, bawan Allah?" Ya ce, "Kimiyya ce, kar ka motsa!"

Ya kife shi da gwangwani, ya kawo gida. Ya ƙirga ɗigo, ya sake ƙirgawa. Shida ne cif, irin na littafin sak.

Biba ta ce, "To, shi ke nan, mayar da shi ga iyalinsa."

Ya kalli ƙwaron, ya kalli gwangwanin farin launinsa na zane. Can ya ce, "Biba, tsakanin shida da bakwai mi ne ne?"

"Ɗaya."

"Ɗaya kuma aikin wa ne a garin nan?"

Ya karyo tsinken tsintsiya, ya tsoma a launi. Ya kama ƙwaron ta ƙirji, ya kau da awartakin can gefe don kar ya cije shi, ya jawo bayan daf da idonsa na dama, irin yadda yake yi in zai zana ƙwayar idon kaza.

Tsiit!

Ihun da ya yi, sai da jakin maƙwabta ya amsa. Na tambayi wani malamin lise, wato sakandare, daga baya, ya tabbatar mini ƙwaron nan ruwa mai yaji yake fesawa ta baya, dangin wanda tururuwa ke da shi, kuma bai cika kuskure ba. Barkono a wajensa ɗan yaye ne.

Biba ta zo da buta tana kwarara masa ruwa, tana cewa, "Sannu, farfesa."

Ya ce, "Kuskurena ne. Da idon dama na dube shi. Yanzu ya san wannan, bai san na hagu ba."

Tsiit!

Kwana biyu yana kwance, idanu kamar albasar Tabelot. Masu zuwa sannu suna tambaya wa ya yi masa haka. Biba ta ce, "Wani baƙo ne muka sauka, yana cikin gwangwani." Ita ce ma take jefa wa baƙon fara, ta ce ai ya fi maigidan kawo nishaɗi a gida.

A rana ta uku ya tashi da shiri. Ya aro tabarau na wani ɗan kabu-kabu, ya naɗa rawani ninki biyu, ya kifa ƙwarya a kai, ya sa safar ƙafa a hannu. Ya kulle kansa a zaure tun hantsi. Ya ɗiga ɗigo na bakwai. Ya ja baya ya duba, sai ya ga gefe ɗaya ya fi nauyi. Ya ƙara na takwas. Ya ga tsakiya ta yi fili da yawa. Kun san mai sana'a in hannunsa ya yi zafi. Bai fito ba sai la'asar.

Ya tarar da Madam Kadidia a masaukinta tana jera kwalabe. Ya ajiye gwangwani a kan tebur, ya gyara murya.

"Madam, ɗauko alƙalami. Na kamo wanda babu shi a littafi."

Ta dubi idanunsa, ta danne dariya. "Na ga kun gaisa."

"Ƙura ce."

Ta kama ƙwaron da ɗan ƙarfenta, ta juya bayansa wajen bango, ta ɗora gilashin ƙara girma. Ta daɗe tana kallo.

"Ɗigo goma sha huɗu," in ji ta.

"Allah mai iko!"

"A jere, kamar an auna da zare."

"Halitta ke nan, Madam."

"Ga kuma kuros ɗin Agadas, gicciyen nan na maƙeran azurfa, a tsakiyar baya."

"To ai ɗan gari ne."

"Kuma yana warin launi. Bai ma gama bushewa ba, ga shi a yatsana."

"Sabon iri ne, ai kin ce. Sabo fil."

Ta ƙara matso da gilashin can ƙasa, wajen da ruwan yajin ke fitowa. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta ajiye gilashin, ta share hawaye da bakin mayafi.

"Malam, a nan ƙasa, a kusurwar dama, inda masu zane ke sa hannu a allo... wannan ba sunanka ba ne? Har da nimeron salula?"

Ya karɓi gilashin, ya leƙa da kumburarren ido, ya ɗago yana washe baki.

"To kin gani, Madam! Da sunana ya fito tun daga daji. Ke dai kwafe kawai!"