Injin Baba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da zan so, da ranar da aka jawo ni da igiya daga tsakiyar ruwan madatsar Tiga kamar akuyar da za a kai kasuwa. Shekarar da tumatur ya yi kwantai ce, wayar salula kuma ba ta daɗe da shigowa ƙauyukanmu ba. Ni makanikin injin ban-ruwa ne a Kura (Injiniya ake ce mini, ban kuma taɓa hana kowa ba). Manoma na zubar da kwanduna a bakin titi, wa zai kawo gyara? Sai in wuni a rumfa ina korar ƙuda.

Ana cikin haka Baba ya rasu. Masunci ne, shi da ƙaninsa Baffa tare suke shiga ruwa tun da aka tare Tiga. Baba ya bar jirginsa na katako a kife a gaɓa, rabinsa gara ta ci, injin kuwa yana naɗe cikin buhu a zaurenmu, can wani ƙauyen Bunkure. Baffa a lokacin yanar ido ta rufe masa gani, sai da murya yake gane mutum. Bayan sadakar arba'in na ce masa zan tayar da jirgin in riƙa ƙetarar da mutane ran kasuwa. Ya yi murna, har ya share hawaye. Abu ɗaya ya roƙa.

"Komai za ka canza ka canza, ɗana, amma ka bar injin nan. Da shi Yaya ya ciyar da ku."

Na ce an gama. Katakon bai ba ni wahala ba: kafinta ya sauya ruɓaɓɓun, muka cusa tsumma a tsagogi muka bi da kwalta. Injin ne ya tsaya mini a wuya. Kwana uku ina kwancewa ina ɗaurawa, na sauya fulogi, na wanke kafireta, na ja igiya har kafaɗata ta kumbura, ko tari bai yi ba. Masunta suna nan birjik a bakin ruwa, amma Injiniya guda ya je ya tambayi mai kama kifi? Mako guda ina saƙa da warwara. Ƙarshe na yanke wa injin hukuncin cewa ya mutu, na ba wani ɗan gwangwan shi a kilo, na shiga Kano na sayo na hannu, mai fenti sai ƙyalli. Da Baffa ya tambaya, na ce na gyara na Baba, ya tashi lafiya lau. A raina na ce, ai ba gani yake yi ba. (Allah Ya yafe mini.)

Ranar gwaji Baffa ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Sarkin ruwa da masunta suka taru a gaɓa, ni kuma na zaunar da tsoho can gaban jirgi, nesa da injin, don kada hannunsa ya kai. Baffa ya ce in ɗauki filafilin tuƙi ko don tsaro, na ce nauyi ne kawai. Ja ɗaya injin ya tashi. Na dubi Baffa ina jiran yabo, shi kuwa ya ciro carbinsa.

Mun yi nisa, gaɓa ta koma kamar zare, sai injin ya ɗau zafi, ya yi wani ƙugi, ya ɗauke. Igiyar ma ta ƙi jawuwa. Muka zauna, rana na dukanmu, ruwa na tsattsafowa ta ƙasa ina kwalfewa da hulata. Baffa carbi kawai yake ja. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Wajen la'asar ya ɗaga kai, ya karkata kunne.

"Ga injin Yaya can tafe."

Na ɗauka zafin rana ne ya taɓa shi. Can sai ga wani masunci ya nufo mu, a bayan jirginsa kuma ga injin Baba, har da jar wayar da ya ɗaure murfin da ita. Ya ɗaura wa jirginmu igiya ya jawo mu. Mutumin bai san komai ba, shi ya sa da muka iso gaɓa ya ba da labari a gaban kowa: a wurin ɗan gwangwan ya tsince shi, zanzaro ne kawai ya yi gida a bututun hayaƙi, da tsinke ya zaƙule. Yana ta mamakin wane marar rabo ne ya yar da irin wannan. Ya leƙa tankina, ya shinshina, ya tambaya ko na haɗa fetur ɗin da baƙin mai. Ashe injin jirgi ba ya shan fetur zalla kamar na ban-ruwa. Na ƙone shi ƙurmus a tafiyar farko. Babu wanda ya yi dariya. Sarkin ruwa ya ce Allah Ya kyauta, kowa ya kama gabansa.

A mota muna komawa na yi ƙarfin hali na ba Baffa haƙuri. Ya ce tun jan farko ya gane, ya yi shiru ne don kada in ƙara wata ƙaryar alhali muna kan ruwa. Na koma wurin masuncin har sau biyu ya sayar mini, ya ce shi ma da shi yake ciyar da nasa. Baffa bai sake shiga jirgi ba, damina ta gaba ya bi yayansa.

Na koyi abu biyu. Tambaya ba ta rage wa makaniki komai, ko da mai amsar warin kifi yake yi. Sannan in shaiɗan ya zuga ka ka yi wa makaho ƙarya, to aƙalla kada ka yi ta a kan abin da ke da murya.