Wayarin Jif ɗin Amarya

Nachattar ya tsufa a wani gareji na garin Dabwali, inda ake mayar da tsofaffin jif ɗin soja motocin gayu. Yanzu bikin jikarsa ya matso, kuma ya rantse a jif ɗin da ya ɗauko kakarta, matarsa marigayiya, za a kai ta. An yi fenti, an sa manyan tayoyi, amma wuta ta ƙi zama. Kansa na cikin bonet sai ga Bakhtaur, ƙanin marigayiyar, da leda a hannu.

"Sannu da ɓarna, Jija mijin yaya! Har yanzu ba ta kama da wuta ba?"

"Ga ƙanin mata, ga ci. Ƙamshin shayi ka jiyo?"

"Ƙauri na jiyo tun daga titi. Ga waya na sayo, kowace da kalarta, ga akwatin fis, ga salatif."

"Mayar musu. Motata ba ɗinkin biki ba ce."

"To wane mahaukaci ke yi wa mota wayarin da wayar injin ban ruwa? Duk ja! Ta fitila ja, ta hon ja, ta batir ja. Kai kanka ka san wace ce wace?"

"Na san su kamar 'ya'yana."

Ya murɗa makunnin fitila don ya rufe masa baki. Sai hon ya tsala ihu, karen maƙwabta ya zura da gudu.

"Ɗanka ya amsa," in ji Bakhtaur. "Ka tuna ranar da ka ɗauki yayata? Kowane ɗan'uwan amarya ɗora hannu yake yi a bayan mota, ya ɗan tura, an cika al'ada. Ni kuwa har gadar ruwa na tura, rawanina ya warware, ina kuka ina haki."

"Kukan rabuwa aka ɗauka. Har yabonka aka yi."

"Kukan baya ne, mugu! Yarinyar nan kuwa ba ta da wa, ba ta da ƙane. In motar ta mutu a gaban dangin ango, wa zai tura? Ni? Da wannan gwiwar?"

Bakhtaur ya ɗauki filaya ya leƙa ƙarƙashin sitiyari zai fara yanka, sai Nachattar ya riƙe masa hannu. A kan wata mahaɗar waya akwai tsumma kore, ya koɗe, an ɗaure shi ɗaurin bakin buhu.

"A hanyar cin kasuwar bikin girbi na Baisakhi waya ta yi tartsatsi," in ji Nachattar. "Yayarka ta yaga bakin mayafinta ta ɗaure, ina tsaye ina zagin mota."

Bakhtaur ya daɗe yana kallon tsumman. Ya share hanci da hannun riga.

"Ashe makaniken gidan ne ya rasu, aka bar mana yaron shago."

"Bakinka ya fi na yayarka, kuma nata ma ba sauƙi."

"To ji. Wannan wayar mu cire ta daga wuta, mu bar ta a wurinta. Sabuwa ta bi ta gefenta. Sauran jajayen 'ya'yanka kuwa, bola."

Nachattar ya yi dariyar da ta koma tari, ya saki hannunsa.

"Yanka. Amma ka kuskura filaya ta taɓa koren nan, kunnenka zan haɗa da batir." Ya juya ya ƙwala wa mai shayi kira. "Kofi biyu! Na ɓarawon nan a cika masa madara."