Ranar da Na Mirgina Najeriya

Ni mutum ne mai tsari, ba na fara na biyu sai na gama na ɗaya. Shekarar samun 'yancin kai ni ne helman leburorin da ke gyaran filin biki, kuma an gargaɗe ni cewa kuskure ɗaya zai raba ni da helmancin.

A tsakiyar filin akwai ƙaton ƙwallon siminti, tsayinsa ya kai ƙugu. Bitrus magini ne ya yi shi, ya zana taswirar Najeriya a gefen da ke kallon rumfar manya. Da safiyar bikin na lura ba tsakuwa a ƙarƙashinsa. Na sa aka mirgina shi gabas taku huɗu, aka zuba.

Bitrus ya ce, "Helma, ta inda ya bi za a mayar da shi fa."

Na ce, "Yanzu aka shata layin farar ƙasa a nan, kada mu goge shi. Arewa huɗu, yamma huɗu, kudu huɗu. Ni za ka koya wa lissafi?"

Ƙwallo ya dawo gurbinsa daidai. Najeriya ce ba ta dawo ba, tana kallon sama. Na ce a sake zagayen, cikin tsari. Layin ya goge, taswirar ta shige ƙasa, sai Tafkin Chadi ke leƙowa. Ga ƙarar motoci.

Manya suka zauna suna kallon siminti. Aka mayar da ni lebura wata uku.

Har yau in na ratsa kasuwar Wunti, tsofaffin teloli na ɗago kai daga keke: "Helma! Turawa sun riƙe ƙasar nan shekara da shekaru ba ta ɓata ba. Kai safiya ɗaya aka ba ka!"