Miskinai Goma na Ƙofar Sauri

Wani tela ne a Ƙofar Sauri. Ba zan faɗi sunanshi ba, don har yanzu akwai riguna biyu nawa a shagonshi. Mutumin nan ya iya ɗinki, amma ya fi iya shan taba. Kara na mutuwa, da wutarshi yake kunna wani. Tsinken ashana ɗaya ke kai shi magariba. In ka kai mashi shadda sai ka karɓo ta da 'yan huji uku a gaba, in ka yi magana ya ce, "Ai sabon yayi ne, don iska ta riƙa shiga."

Ana nan sai tari ya kama shi. Ba irin tarin da kuka sani ba. In ya fara, kajin maƙwabta watsewa suke yi. Ranar nan a sallar magariba liman ya ɗauko doguwar sura, gogan naku ya sako tari daga sahu na biyu. Liman ya dakata, ya sake ɗaukowa, tari ya sake tare shi. Sai da bawan Allah ya haƙura ya koma Ƙulhuwallahu.

Washegari matarshi Baraka ta tasa shi gaba har asibiti. Likita ya ɗora mashi abin sauraro a ƙirji, ya kasa kunne. Ya cire, ya jujjuya abin ko shi ne ya lalace, ya sake ɗorawa.

"Malam, janareta ka haɗiye?"

"A'a, likita."

"To ko dai ka bar taba, ko ka bar mana duniyar. Zaɓi ɗaya."

Tsoro ya kama shi ƙwarai. Baraka kuwa tun daga asibiti har gida hawaye take sharewa da gefen hijabi, shi kuma duk shan tabarshi ba ya son ganin kukan matar nan.

Ya dawo shago. A bakin shagon akwai benci, a kan bencin akwai 'yan majalisa, waɗanda tun safe ba abin da suke motsawa sai baki. Shugabansu Salihu ne, tsohon ɗan acaɓa da ya sayar da mashin ɗinshi tun bara, ya ce yana jiran mai ya sauko. Gogan naku ya tsaya gabansu, ya zaro kwalin taba, ya wurga a kwata.

"Ku shaida! Wallahi tallahi na bar shan taba!"

"Allahu akbar!" in ji majalisa.

Salihu ya bari ya shiga ciki, ya miƙa hannu ya tsamo kwalin, ya goge da hula, ya sa aljihu.

Rantsuwa ta kai azahar lafiya. Ta kai la'asar tana ɗingishi. Ana sallamewa, mutumin ya matso kusa da Salihu yana sosa ƙeya.

"Wai kwalin nan da na yas, duka ya jiƙe?"

"Saura dai kara huɗu."

"Mu gani."

Ya gani. Ya gani har ya ƙone ƙurmus.

Salihu, wai shi mai tsoron Allah, ya kama hannunshi sai wurin liman. Liman ya saurara, ya gyara zama.

"Malam tela, rantsuwa ba wasa ba ce. Akwai kaffara. Za ka ciyar da miskinai goma, rana da dare, su ƙoshi. Ko ka tufatar da su."

"Allah gafarta Malam, da tsadar yadin nan? Na ji ana yin azumin kwana uku."

"Wannan na wanda ba shi da hali ne. Kai keke biyu gare ka a shago."

"To ina zan samo miskinai har goma?"

Salihu ya yi gyaran murya. "Allah gafarta Malam, ai ba sai an je nesa ba."

Liman ya dube shi. "Kai miskini ne?"

Salihu ya ɗago takalminshi. Liman ya ga ƙusa biyu da waya, ya ce Allah ya kyauta.

Aka ƙirga benci, mutum tara. Aka tsayar da wani mai tura baro aka cike, daga ranar shi ma ya zama ɗan benci.

To ku da ba ku san Baraka ba, matar nan in ta yi dambu, maƙwabta rufe taga suke yi don kada yara su raina abincin gidansu. Da rana ta yi dambun shinkafa da zogale, ya sha gyaɗa da albasa. Bayan magariba ta sako tuwo da miyar taushe. Miskinai suka zauna a zaure suka naɗe hannun riga. Ba ka jin komai sai ƙarar haɗiya. Salihu har da hawaye.

"Yajin ne?" in ji tela.

"A'a, tausayinka nike ji."

Kwana biyu da wannan, majalisa ta fara zunguri.

"Ai taba ba a barinta," in ji Salihu, yana kallon sama. "Kakana ya bar ta sau arba'in."

"Ni zan bari."

"Kai dai ka ce kana so."

"Na ce zan bari!"

"Baki dai."

Gogan naku ya miƙe har tef ɗin awo na faɗowa daga wuyanshi. "Wallahi ba ni ƙara taɓa taba!"

"Kun ji ko?" in ji Salihu. Kai tara suka gyaɗa a tare.

Wannan karon ya yi kwana uku. Amma wane irin kwana uku! Ido ya yi ja. Ya ɗinka wa wani aljihu a baya. Ya ɗinke wa wani ƙafar wando ruf, sai da mai wandon ya faɗi a ɗakin gwaji. Ran na huɗu Salihu ya leƙo shago, murya ƙasa-ƙasa.

"Wai mi ka ce a rantsuwar nan?"

"Na ce ba ni ƙara taɓa taba."

"Taɓawa ka ce. Ka ambaci sha?"

Mutumin ya tsayar da keke. Ya yi tunani. Fuskarshi ta washe.

"Kai Salihu, ina ka yi karatu?"

"Bar wannan. Sa hannunka baya, ni zan riƙe maka."

Haka liman ya zo wucewa ya same su a lungu: tela ya goya hannu, ya miƙa wuya kamar ɗan maraƙi wurin uwarshi, Salihu na riƙe da kara.

"Subhanallahi! Malam tela!"

"Allah gafarta Malam, duba hannuna. Ko ɗan yatsa ban sa ba."

"Leɓen fa? Na aro ne?"

Salihu ya girgiza kai cikin jimami. "Ni ma sai da na ce mashi anya."

Kaffara ta biyu, miskinai da cokulansu suka zo. Ɗaya har da kula, wai zai kai ma wani miskinin da kunya ta hana shi fitowa. Da za su tashi, Salihu ya ce, "A gaida iyali da aiki. A ce mata dai wancan karon gyaɗar ta fi yawa."

Kafin wata biyu an yi kaffara biyar. Abu ya zama ƙungiya. Aka naɗa Salihu ciyaman, aka yi sakatare, aka buɗe layin jira. Mutane daga Ƙofar Ƙaura suna zuwa neman gurbi, ana ce masu sai wani ya yi arziki. Akwai wani Alhaji Usman da ke ajiye motarshi bayan masallaci, ya canza riga, ya ƙaraso yana jan ƙafa. Mai shagon kusa kuwa in ya ga tela ya sayi ashana, kafin ya ba shi canji labari ya kai benci. Har gaisuwa ta canza.

"Ina kwana, tela? Ya gida, ya iyali? Ya aiki? Ya rantsuwa, tana nan dai ko?"

"Tana nan."

"To Allah ya kawo sauƙi."

Ran kaffara ta biyar, Baraka ta fito daga madafa ido jajir, tana tari.

"Maigida, taba na cin ƙirjinka, su Salihu na cin buhuna. Kai ke sha, ni ke shaƙar hayaƙin itace. In ka ƙara, mu biyu za mu koma wurin likita, sai ka ji mi za ka ce mashi."

Maganar ta shige shi. Ya kwana da ita, ya tashi da ita. Yana buɗe shago sai ga Salihu da wando a leda.

"Tela, taimaka ka buɗa mani ƙugun nan. Wanki ya sa ya tsuke."

Tela ya san wandon, shi ya ɗinka shi da ƙaramar salla. Ya zare tef ya zagaya cikin Salihu. Ya duba. Ya buɗe tsohon littafin awo ya duba. A da talatin ne. Yanzu talatin da shida. Ya ɗaga kai ya kalli kumatun mutumin nan suna ƙyalli, ya juya ya kalli kanshi a madubin shago, wuya kamar mariƙin lema.

"Salihu, inci shiddan nan nawa ne."

"Ai duk na Allah ne."

Ya fito bakin shago, ya nuna benci da almakashi.

"Ku saurara! Taba dai ba ni rantsuwa a kanta, na gane ku. Amma wallahi tallahi, ku goman nan, ko loma ɗaya ba ku ƙara ci a gidana!"

Ba wanda ya yi kabbara.

Kun ga abin da likita ya kasa, abin da tari ya kasa, haushi ya yi shi. Ba wai ya daina sha'awa ba, sha'awa kam kullum. Sai ya kama asuwaki. Da safe zai sa mai tsawon kamu ɗaya a baki, kafin azahar ya koma tsinken sakace. Ya ci goro har haƙoranshi suka yi kalar jan yadi. Ya sha rake har mai raken ya dawo da baronshi ƙofar shagon. In abin ya motsa mashi sosai, sai ya leƙa waje ya kalli cikin Salihu, nan take ya ji ya ƙoshi.

Su kuma ba su zauna ba. Yau a manta kwali a kan kekenshi. Gobe wani ya zauna ta inda iska ke kaɗowa ya yi ta busa. Jibi sakatare ya zo da labarin wani tsoho a ƙauyensu mai shekara ɗari da goma, wai tun yana goye yake sha.

"Ya ci dambun matata?" in ji tela.

"A'a."

"To Allah ya ƙara mashi lafiya."

Wata uku, tari ya tafi. Liman ya koma dogayen surori, har wasu suka fara hararar tela a sahu. Hancinshi ya buɗe, ya gano ashe shekara goma kwatar ƙofar shagonshi wari take yi. Ya hau benen wani da ya ba shi ɗinki ya sauko bai zauna a tsakiya ba. Wata shida, sai ga Salihu da wandon nan, ya ce a rage. Tela ya rage mashi kyauta, yana fito.

Ran da shekara ta cika ya koma asibiti shi kaɗai. Likita ya saurari ƙirji, ya yi murmushi.

"An kashe janareta. Mene ne sirrin?"

"Maƙiya, likita. Allah ya ba ka naka."

Ya taho gida yana taku ɗai-ɗai, murna fal ciki. Abin da bai sani ba, Baraka ma tana ƙirga kwanaki. Don ta gode wa Allah, tun safe ta ɗora tukunyar dambu ta sadaka, ta aika a kira mata mabuƙatan unguwa. Rantsuwar da aka yi a bakin shago kuwa ba wanda ya taɓa gaya mata.

Tun daga bakin lungu ya jiyo ƙamshi. Yana isowa ƙofar gida ya ga takalma ƙafa goma a jere. Ɗaya da ƙusa biyu da waya.

Ya faɗa zaure. Tire ya yi fes kamar an wanke. Mutum goma sun jingina da bango suna sakace.

"Salihu! Mi kuke yi a gidana?"

"Mun taya ka murna, tela. Shekara guda ba wasa ba."

"Ban rantse ba ku ƙara cin ko loma ɗaya a nan ba?"

Salihu ya lashe yatsa, ya juya ga sauran. "Kun ji ko? Da bakinshi ya tuna."

Ya miƙe yana gyara tazuge.

"To gobe ƙarfe nawa za mu zo kaffara?"