Kwali a Takalmin Hamza

A majalisarmu ta unguwar Nima ni ne malamin ƙwallon kwando. Na rantse kwalejojin Amurka ba sa ɗaukar gajeren gad, wato ɗan wasan baya, komai iya jifansa. Shi ya sa ranar da kocin wata kwalejin Amurka zai zo ganin Hamza, ɗan yayata, na cusa masa kwali a takalmi.

Na manta a ɗakin Hajiyarmu za a zauna, inda ko limami sai ya tuɓe takalmi. Hamza ya rage tsawo a bakin ƙofa, kwalin ya faɗo gaban koci.

Hajiya ta ce, "Aikin kawunsa ne, yaron ba ruwansa."

An ɗauki Hamza saboda jifansa. Ni kuwa har yau in na buɗe baki a majalisa, sai a ce, "Kawu, tuɓe takalmi tukuna."